Labarin Ruwan Kambaza da Sunan Mai Shi

Jikata Safiya ta cire sunana daga maganata, kuma ban yafe ba tukuna.

'Yar ɗana na biyu ce, wanda nake zaune gidansa nan Kalgo tun da ƙafa ta fara yi mini gardama. Tana karatun digiri na biyu a fannin aikin jarida, a jami'ar da ke kusa da mu. Babban rubutun da za ta miƙa kafin a ce ta gama, a kan yadda labari ke yawo tsakanin matan karkara ne kafin rediyo ta shiga gidaje. Ta zo ta durƙusa gabana da wayarta, ta ce, "Kaka, ba ni labarin da." Na ba ta. Na ba ta har muryata ta dishe.

Shekaranjiya ta kawo aikin an buga shi, ta ajiye kan tabarmata tana ta washe baki. Turanci ne, ba na jin sa, amma inda mutane suka yi magana ta bar Hausar yadda take. Hausa kuwa ina karantawa. Na koya ina da jikoki, a ajin manya, bayan rasuwar maigidana, kuma har yau da yatsa nake bin layi. Na bi, na bi, sai ga maganata, har da inda na rantse. A ƙarƙashi, inda sunan mai magana ya kamata ya zauna, sai na ga an rubuta: Tsohuwa ta Huɗu.

Wataƙila da a wani lokaci ne da na yi tsaki na wuce. Amma bana ruwa ya yi jinkiri. Mutanen Wurogauri, nan kusa da mu, sun shuka sau ɗaya, ya ƙone. Da rana kwanon ɗaki yana ƙara don zafi, da yamma hadari ya haɗu ya yi baƙi, iska ta watsa shi. Kowa ya duba waya ya ce gobe. Irin wannan sama na taɓa zama ƙarƙashinta, ana sauran 'yan shekaru Turawa su tafi, kuma labarin wannan shekarar ne aka ɗora wa Tsohuwa ta Huɗu.

A Gwandu muke lokacin. Ina da goyon fari. Maigidana ya tafi cin rani Kurmi, can kudu, tun bayan kaka, bai dawo ba, ba kuma saƙo. Gida ya rage ni da surukaina: Baba, wanda kurkunu ya kama wa ƙafa, da Inna, mace mai ƙaramin jiki da ba ta maimaita magana. Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, rumbu ya nuna gindinsa tun bazara ba ta raba ba. A haka azumi ya same mu.

Da asuba kunun dusa muke sha, mai ruwa-ruwa, wanda in ka leƙa ƙwarya za ka ga fuskarka. In gari ya waye in ɗauki tulu zuwa rijiya. Guga takan daɗe tana sauka, ta taso da rabin laka, sai an bar ruwan ya kwanta. Daga nan sai anza. Yaran yanzu ba su san ta ba: 'ya'yan wani itace ne na daji, masu ɗaci kamar maɗaci, sai an jiƙa ana zubar da ruwan ana sakewa kwana da kwanaki kafin ta ciwu. Tukwanen anza jere suke bayan ɗakin Inna, kowace da ranarta, kuma warinsu na nan cikin hancina har yau. Da hantsi a jiƙa busasshiyar tafasa. In rana ta take, ba mai motsi. Mukan kwanta ƙarƙashin rumfa, ƙasa na huro zafi ta cikin tabarma, kaji sun buɗe baki, yaron ya kama nono ya saki ya yi kuka maras ƙarfi. Liman ya aiko cewa mai shayarwa na iya ajiye azumi ta rama. Inna ta yi dariya, ta ce, "Ta aje ta ci mi?"

Gero kuwa akwai shi a gidan, muna kallon sa. Irin shuka ne. Na Baba zangarniya ce, ɗaure a rufin madafa inda hayaƙi ke hana ƙwari. Na Inna tsaba ce, ta gauraya da toka cikin wani ƙaramin tulu ta liƙe bakin da laka. Kullum ina hura wuta ƙarƙashin wannan damin, cikina na kuka, ban taɓa miƙa hannu ba. Ba don kirki ba. Wanda ya ci iri ya ci baɗi.

Gonarmu ba kusa take ba, tana bayan ƙauyen Kambaza. In ka fita bayan sallar asuba, sai rana ta fara cizo za ka isa. Ruwan farkon damina kuwa ba shi da adalci, yakan jiƙa gonar wani ya tsallake ta maƙwabcinsa. Don haka mai gonar nesa da kunne yake noma kafin ya yi da hannu. Akwai wani malami da ke karanta jarida da ƙarfi a bakin kasuwa, maza su kewaye shi, su dawo da labarin Kaduna da na Ingila. Amma ko an yi ruwa bayan Kambaza, wannan ba ya cikin takarda. Sai dai a ji a bakin rijiya, ko wurin 'yan nono, ko ƙofar masallaci.

Ranar nan Baba ya dawo daga sallar azahar yana jan ƙafa da sauri, sandarsa na tuntuɓe.

"An yi ruwan shuka wajen Kambaza jiya. Mutanen can duk sun fita."

Inna na tsince tafasa, ba ta ɗaga kai ba. "Wa yaf faɗi?"

"Kowa na faɗi."

"Kowa ɗan wane gida ne?"

Baba ya wuce abinsa. Mutum ne da ya gaji da kallon sama. Kafin la'asar ya kira gayya: Kawu Bawa, ƙanen Inna, da waɗansu mazan unguwa. Gayya kuwa ba ta zuwa a banza, sai an shayar da ita fura da buɗa-baki, kuma daga ɗan abin da muke lallaɓawa Inna ta ɗebi wannan furar. Aka sauko da damin Baba, muka sussuke, muka sheƙe.

Washegari muka kama hanya, Baba bisa jakin aro. Da muka isa, ƙasa ta yi duhu, tana ƙamshin ruwa, har zuciyata ta yi sanyi. Sai Kawu Bawa ya shuri ƙasar da ɗan yatsan ƙafa. Ƙarƙashi fari fat, busasshe kamar gari. Muka duba gonakin maƙwabta, ba kowa sai kurciya.

Baba na zaune kan jaki, yana kallon mutanen da ya taso da azumi a baki, suka yi wannan tafiya dominsa. Kawu Bawa ne ya sauƙaƙa masa, ya ce, "Tunda mun zo, mu koma da iri bisa kai a yi muna dariya? Ga hadari can. Wani na tafe."

Muka shuka. Maza na gaba suna sara da sungumi, mu mata na biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Kowane rami na taka, ina jin ɗumin busasshiyar ƙasa a tafin ƙafata. Da a ce ƙasar a bushe take sarai, da irin ya kwanta ya jira ruwa, wannan shi ake kira binne. Amma wannan ɗan danshin ya isa ya tashe shi daga barci, bai isa ya rayar da shi ba. Ya tsiro siriri kamar allura, rana ta bi shi layi-layi ta ƙone.

Da labarin ƙonewar ya tabbata, Inna ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta yafa mayafi ta fita bin sawun maganar. Ta tsare Baba sai da ya ce a bakin mai goron ƙofar masallaci ya ji. Mai goro ya ce wani mai jakunan itace ne ya gaya masa. Mai itace ya rantse shi bai ma bi ta Kambaza ba, wata mai nono ce ya gani zanenta a jiƙe, ya ji ta ambaci shuka. Inna ta jira ranar kasuwa ta samo mai nonon. Matar ta riƙe baki, ta ce, "Ni? Yayyafi yat taɓa ni ga hanya, nic ce Allah shi kawo muna na shuka. Shi ke nan abin da nic ce."

Inna ta dawo ta zauna bakin murhu. Can ta ce, "Ba wanda yay yi ƙarya. Kuma ba wanda za ni kamawa. Rabin abincinmu na baɗi ya tafi, ba shi hannun kowa." Ta dube ni. "Daga yau labarin da ba shi da mai shi, ƙofar zaure za shi tsaya."

Azumi ya ƙare, aka yi sallah ba ɗinki ba tuwon kirki. Bayan 'yan kwanaki, da yamma, hadari ya haɗu wajen Kambaza, walƙiya na tsaga shi. Iska mai sanyi ta iso mu da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, amma ko ɗigo bai sauka a Gwandu ba. Kafin gari ya waye, maganar ta cika unguwa. Baba ya zauna yana kallon ƙafarsa. Tulun Inna kaɗai ya rage, furar gayya ma ta sau ɗaya ce ta rage.

Inna ta ce, "Tumba, goya yaronki. Ki tai ki gano da idonki, ki tona da hannunki."

Na bi waɗansu mata masu komawa Kambaza. Rairayi busasshe muka yi ta takawa har muka wuce wata tsohuwar kuka, daga nan ƙasa ta fara riƙe sawu. Fikafikan shinge, ƙwarin nan masu fitowa bayan ruwa, zube a hanya. Na ji kukan kwaɗi, abin da na manta da shi. A gona na durƙusa na tona. Can sama kan tudu, danshi ya kai wuyan hannu ya tsaya. A tsakiya ya ɗan wuce haka. A kwari kuwa na zura hannu har gwiwa, sanyi bai ƙare ba. Na tona nan, na tona can, har farcena ya cika da laka. Gefe guda wani dattijo na shuka, ya ce mini a shuka. Ɗaya gefen wani na zaune bisa kututture da sunguminsa a cinya, ya ce shi sai ya ga na biyu. Ba wanda zai ɗauke mini wannan kaya.

Na iso gida bayan azahar. Maza sun taru a zaure suna jira. Na zagaya ta ƙofar baya na gaya wa Inna duk abin da na gani, don ta kai musu. Ai matar ɗa ba ta buɗa baki gaban suruki, balle cikin taron maza.

Ta ce, "Ba ni kai wannan. In ni nik kai, ya koma ji-ta-ji-ta. Ke kig gani."

"Inna, gaban Baba?"

"Kunya za mu ci da kaka?"

Na je bakin zaure na durƙusa, na karkata fuska wajen bango. Muryar da ta fito kamar ba tawa ba. Na ce kwari ya sha har gwiwar hannu, a shuka shi. Tsakiya ma ina ganin za ta riƙe. Tudu kada a taɓa.

Kawu Bawa ya yi tafi ɗaya. "To! Yau kuma mata ka duba muna ruwa. Ke ɗiyata, in ya ƙone, wa za a kama?"

Ban san sanda na juyo ba. "Ni, Kawu. Tumba. Kun san ɗakina."

Maza suka fashe da dariya, wani ya ce Bawa ya ɗebo ruwan dafa kansa. Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "An ji daga wadda tag gani." Daga cikin gida na ji Inna na fasa lakar bakin tulu.

Muka shuka kwari da tsakiya. Ya tsiro, ya yi ganye biyu, uku. Sai sama ta sake rufe bakinta.

Wannan jiran ya fi yunwar ciwo. Yunwa ta kowa ce, wannan kuwa nawa ne ni kaɗai. In na je rijiya, mata su ce, "Tumba, ina ruwanki?" Wasu da wasa, wasu ba da wasa ba. Da safe in fito in dubi sama kafin in dubi ɗana. Nonona ya ja baya. Masu zuwa daga Kambaza suka ce gero ya naɗe ganye kamar tabarma. Inna ba ta taɓa ce mini komai ba, sai dai takan tura mini ƙanzon tukunya ta ce ita ta ƙoshi. Aka fita roƙon ruwa, maza da riguna a juye, yara na kuka, aka dawo cikin rana.

Ranar da ruwan ya zo, da la'asar ya zo, kuma kan Gwandu kanta ya sauka. Iska ta fara kwashe tufafi daga igiya, sannan ɗigo manya-manya masu tayar da ƙura, sannan aka sake shi gaba ɗaya. Indararo ya cika kowane tulu. Na tsaya tsakar gida da goyo, ruwa na bin wuyana, ban iya shiga ɗaki ba sai da Inna ta jawo ni.

Geron tsakiyar gonar bai kai ba, ya riga ya mutu. Kwari ya rayu. Da shi, da ganyen rama da lalo, da ɗan buhun garin rogo da maigidana ya shigo da shi tsakiyar damina, ramamme kamar sanda, muka ja har tumu ya nuna. Ranar da na gasa tumun farko, na murje shi a tafin hannu da zafinsa, ban jira ya huce ba.

Abin da ya mutu bisa maganata ya mutu, abin da ya rayu ma bisa maganata ya rayu, kuma duka biyun ƙofar ɗakina aka ajiye su. Haka ya kamata. Kawu Bawa har ya koma ga Allah "Tumba rabin gona" yake kira na, ni kuma ina amsawa.

Wannan shi ne labarin da na ba Safiya. Shi ya sa jiya da yamma, tana wanke shinkafa, na kira ta na ɗora yatsa kan layin.

"Wace ce wannan?"

"Ke ce mana, Kaka."

"Ni ce ta huɗu? Su wa suka riga ni?"

Ta yi dariya, ta ga ban yi ba, ta goge hannu ta zauna. Ta ce ƙa'idar bincike ce, ba ita ta ƙirƙiro ba. Duk wanda aka yi hira da shi sai a sakaya sunansa, don kada maganarsa ta jawo masa fitina. Ta ce akwai wata tsohuwa da ta ba ta labarin yadda wani mai unguwa ya ɓoye hatsi a irin wannan shekarar, jikokinsa kuwa na nan da ransu, katanga ɗaya ta raba su da ita. "In na sa sunanta, Kaka, ina za ta zauna?"

Na ce wannan gaskiya ne. A rufa mata asiri, Allah ya rufa namu. Amma ni wa na ce a ɓoye ni daga gare shi?

"Ai kin sa hannu a takardar yarda. Na karanta miki."

Ta karanta, ban musa ba. Ni hankalina na kan alƙalami, ina lallaɓa sunana kada ya karkace gaban jika. Ca nake an ce in rubuta shi ne don a san inda za a kwafa.

Na ce, "Ke 'yar jarida ce ko ba ke ba? In wani ya kawo miki labari ya ce wata tsohuwa ta ce, bugawa za ki yi?"

"Jarida daban, bincike daban."

"To a cikin binciken, in wani ya karanta ya ce ƙarya ne, ba a taɓa aiken matar ɗa duban ruwa ba, wa za a kama?"

"Ni za a kama."

"Ke kina ina aka yi? Ubanki ma ba a haife shi ba."

Idonta ya kawo ruwa. Sannan ta faɗi abin da ke cin ta. Jibi take miƙa aikin. Malamin da ke duba ta mutum ne mai tsanani, ba a canja ko wasali sai da izininsa, kuma in ta je masa da wannan yanzu, tana tsoron ya ce a dakata sai zango mai zuwa. Shekara biyu tana wannan wahala, kuɗin makarantar ma da ƙyar ubanta ya haɗa.

"Don Allah, Kaka, ki bar shi. Ni na san ke ce. Duk gidan nan an sani."

Na dube ta. Yarinyar ta rame, ƙarƙashin idonta ya yi baƙi. Ba na son in zama sanadin zangonta. Amma takardar nan za ta zauna a ɗakin karatu bayan an binne ni, bayan an binne duk wanda ya san gidan nan, kuma a cikinta wata mata marar suna za ta durƙusa bakin zaure ta ce a kama ta.

Na ce, "Shi malamin, ya taɓa hana wanda ya zo da ƙafarsa ya ce a sa sunansa?"

"Ban sani ba. Ba wanda ya taɓa zuwa."

"To ba ke za ki roƙe shi ba, balle ya ga laifinki. Tashi, shinkafarki ta jiƙa."

Yau da safe, bayan na karya, na sa zanena na zuwa biki, na ɗauki sandata, na aika aka tsayar mini da mai keke a ƙofar gida. Ina cikin hawa Safiya ta fito da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, tana cewa, "Kaka, don girman Allah!" Na matsa mata wuri. Ta tsaya, ta dubi gida, ta dube ni, ta shigo. Da muka zo kwalta mai ramuka ta riƙe mini hannu.

A jami'ar, ƙofar ofishin malamin, akwai wani saurayi zaune bayan tebur. Ya miƙe ya gaishe ni, ya ce malam na ciki, bari ya shiga ya ce kakar wata ɗaliba na son ganin sa.

Na ce, "Dawo, ɗana. Ka ce masa Tumba ce, ta Gwandu. Maimaita in ji."